Gilashin da aka yanka wa idona ni kaɗai

Ni baduku ne, ɗan baduku, haifaffen Birni a nan Damagaram, yau na haura hamsin da ƴan kai. Yawan tambayar da nake sha ce ta sa na zauna rubuta wannan labari. Duk wanda ya san ni a da ya san yadda nake aiki: fata a kan hanci, ido ɗaya a kanne, in mutum ya yi sallama daga bakin rumfa sai da murya nake gane ko wane ne. Da jama'a suka ga yanzu ina kiran sunan mutum tun yana tsallaken hanya, kuma ba tabarau a fuskata, sai zance ya yi yawa. Wasu suka ce aiki aka yi mini a Masar aka sauya mini ido. Wata tsohuwa a unguwarmu ta rantse idon akuya aka dasa mini. To, ba wuƙar da ta taɓa idona. Wani ɗan gilashi ne nake manna wa a kan ƙwayar ido da safe, in cire shi da dare, kuma an yanka shi ne da awon idona, ba zai yi wa kowa amfani ba sai ni.

Ciwon ya samo asali tun ina yaro. Da hunturu ya kama, ko zafin bazara ya tsananta, sai idona ya dinga ƙaiƙayi, ni kuwa in yi ta murza da gaɓar yatsa har sai na ji sanyi a raina. Farin idona ya rine ya koma ruwan ƙasa. Kakata takan ranbaɗa mini tozali ta ce zai wuce. Yara da yawa a garin nan haka suke, ba wanda ya ɗauki abin a bakin ciwo, domin wanda ake tsoro shi ne amodari, mai juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum. Ina aji biyar a lakwal allo ya fara gagarata. Mushe, wato malaminmu, ya dawo da ni bencin gaba, duk da haka harafi ɗaya sai in gan shi da inuwa biyu ko uku suna bin sa a baya. Babana, Allah ya jiƙansa, ya ce tunda boko ya ƙi, ga basilla.

Dukanci ya karɓe ni, don ido irin nawa abin da ke dab da shi yana gani, ko da ba tas ba. Da haka na koyi alabe, da gafaka, da kuben wuƙa, da titimi, har na kai ga adon da ake yi da siririn tsirin fata, wanda masu lafiyar ido ma kan guje masa. Amma wuyana da bayana sun biya kuɗin abin. Babur kuwa ban yarda in hau shi bayan magariba ba, saboda fitila ɗaya in ta taho sai ta tarwatse ta zama tari, kowace da jela.

Tabarau na gwada su a nan gida, na gwada a Maraɗi, na gwada a Kano. A zaunar da ni, a yi ta sauya gilashi ana tambaya, wannan ko wannan? Ni kuwa duk biyun ba wanda ya fi wani. Wanda aka yanka mini mai kauri jiri yake sa ni. Ba laifin masu awon ba ne. Wani likitan ido a Kano shi ya fara gaya mini dalili. Ya ce a gaban baƙin ido akwai wata fata garau mai suna korniya, faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta rabin milimita da ɗan ɗori, kuma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido. A lafiyayyen ido a dunƙule take sumul. Tawa ta yi siriri, ta turo gaba ta yi tsini, tsinin ma a karkace ta ƙasa. Sunan ciwon keratokonus, yakan fara a shekarun balaga, kuma yawan murza ido na daga cikin manyan abubuwan da ke iza shi. Tabarau ana yanka shi ne don idon da ke da siffa mai tsari, wanda ya yi tudu da kwari babu lambar da za ta zauna masa. Ya ce abin da zai yi mini sai gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan idon kansa, shi kuma ba shi da kayan gwajinsa. Na riƙe maganar shekaru, ba hali.

Halin ya zo ne a 2022, ta hannun ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Azhar. Shi ya yi ta bincike har ya sami wata likita a Alƙahira wadda wannan ne aikinta. Na sayar da wani ɗan fili da na gada, ƴan'uwa suka ƙara, na bi ta Matamai da Daura zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan 240, daga can na hau jirgi. A unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira na sauka, ɗakin ɗalibai, muna kwana mu da yawa a kan katifu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a miƙo mini allon haruffa da farko ba. Wata na'ura aka sa ni na ɗora haɓa, a cikinta zobba ne na haske, wani cikin wani. Zobban suna faɗawa a kan korniya, kyamara ta ɗauki hotonsu, inda suka matse da juna nan ne ido ya yi tsini. Likitar ta ce dabarar tsohuwa ce, wani likita ɗan ƙasar Fotugal mai suna Placido ya ƙirƙiro ta a 1880, kwamfuta ce kawai aka haɗa mata. Nan take taswirar idona ta fito a allo da launuka. Wurin da ya kamata ya zama kore duk ya yi ja a ƙasa da tsakiya, na hagu ya fi na dama. Ta duba da fitilarta ta ce na yi sa'a biyu: babu tabo a tsakiyar korniyar, kuma a shekaruna ciwon yawanci ya riga ya lafa.

Daga nan ta buɗe wani akwati mai jerin gilasan gwaji. Ta ce akwai ƙanana, faɗin milimita 9 ko 10, masu zama a kan korniyar kanta, amma da ta ji daga inda na fito ta girgiza kai. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin irin wannan, mutum sai ya tsaya a tsakiyar hanya yana hawaye. Ta zaɓo babba, mai faɗin milimita 16 da ɗoriya, wanda gefensa ke sauka a kan farin ido, tsakiyarsa kuma ya yi rumfa a kan korniya ba tare da ya taɓa ta ba. Ta cika shi da ruwan gishiri na asibiti, ta ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, ta ce in sunkuya fuskata ta kalli ƙasa sosai. Sanyi kawai na ji. Ruwan nan shi ke cike kwarin da ke kan korniya, sai fuskar gilashin ta zama ita ce sabuwar fuskar ido. Da ta haska shuɗiyar fitila rinin ya koma kore, da shi take auna tazarar da ke tsakanin gilashi da ido, wadda ake so ta tsaya wajen kashi biyu zuwa uku cikin goma na milimita. Aka bar ni na zauna a waje na wani lokaci, don gilashin yakan ƙara nitsewa a farin ido, sannan ta ɗora lambobi a kai.

Na ɗago na dubi ɗan ƙanwata. Na daɗe ina kallonsa har ya tsargu.

"Kawu, lafiya?"

Na ce, "Ashe kana da tabo a gira."

Ya ce tun yana shekara shida ya faɗo daga kan katanga, a gidana ma. Yaron da na yi wa huɗuba da bakina ke nan.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. Na laluba aljihu na ciro alaben da na ɗinka da hannuna, na kai shi inda na saba kai aiki, ban ga komai ba sai hazo. Na janye shi baya, sai da hannuna ya miƙe tukun ɗinkin ya fito, shi ma ƙanana. Gabana ya faɗi. Na ce wa yaron ya gaya mata wannan gilashi ya ba ni duniya ya ƙwace mini sana'a. Ta yi dariya ta ce, "Ya Hajji," haka take kirana ko da yake ban je ba tukuna, "wannan ba ciwonka ba ne, shekarunka ne." Ta ce a can cikin ido akwai wani madubi a bayan korniya, wanda yanar ido ke kamawa in an tsufa. A ƙuruciya yana da laushi, yana kumbura in za a kalli kusa, ya saki in za a kalli nesa. Daga shekara 40 zuwa 45 taurinsa yake fara bayyana, shi ya sa ake ganin dattawa suna miƙar da takarda nesa da fuska. Nawa ma ya yi taurin tuntuni, tsinin idona ne ya rufa masa asiri, tunda dama ni kusa kawai nake gani. Yanzu da aka gyara nesa sai tsufan ya bayyana.

Ta ce hanya uku ce. Ko in riƙa ɗora tabaran karatu a kan gilashin, wannan ya fi araha kuma ya fi fitar da abu tas. Ko a gyara ido ɗaya don nesa, ɗaya don kusa. Ko kuma a yanka gilashi mai ƙarfi fiye da ɗaya, nesa da kusa duk a jikinsa. Ta gaya mini gaskiya cewa na ukun ba kowa yake karɓa ba, balle mai ido irin nawa, kuma duk wanda ya karɓa sai ya sarayar da ɗan wani abu na kaifin gani. Na yi tunanin rumfata. A cikin minti guda ina duban ɗinki, in ɗago in dubi mai ciniki, in leƙa yaran da ke yanka a gefe, in koma. Hannuna kuma kullum da mai ko da rini. Na ce a gwada na ukun.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na girmama matar nan, domin na ga mai sana'a. Ta ce in zo da kayan aikina. Washegari na zo da guntun jar fata da basilla da zare, na zauna a ƙasa kan tayil ɗin ofishinta kamar yadda nake zama a rumfa, ta kawo tef ta auna daga idona zuwa inda hannuna yake so ya tsaya in na zauna a miƙe. Santimita 33 ta samu. Ta ce mai karatu yakan riƙe littafi a wajen santimita 40, don haka ƙarin ƙarfin da za a sa mini sai ya ɗan fi na malamin makaranta sa'ana. Ta ba ni kwali mai huda a tsakiya in hangi wani abu ta ciki, da haka ta gane idon dama ne shugaba. Ta auna ƴar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido, da fitila a kunne da kuma a kashe, saboda tana tsukewa a haske har ta koma milimita biyu ko uku, ta buɗe a duhu. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake fita, ina aiki a inuwa ko a rana, ina tuƙi da dare ko ba na yi.

Dalilin tambayoyin shi ne wannan gilashi ba ya aiki irin na tabarau mai hawa biyu, wanda ake kallon nesa ta sama a sauke ido a karanta ta ƙasa. Shi yana manne da ido, duk inda ido ya juya tare suke. Saboda haka a tsakiyarsa ake yanka ɗan da'ira, faɗin milimita biyu ko kusa da haka, mai ƙarfin kusa, kewayenta kuma ƙarfin nesa, ko a juya su. Hasken kusa da na nesa duk suna shiga lokaci guda, ƙwaƙwalwa ce ke koyon ɗaukar wanda ake buƙata ta yi watsi da ɗayan. In da'irar ta yi girma ta cinye nesa, in ta yi ƙanƙanta kusa ba ya isa, in kuma ba ta zauna daidai saitin ƙofar ido ba duka biyun sun lalace.

Ni da nake yanka da ɗinki, na matsa in san yadda ake ƙera abin. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗora mini wani abu a tafin hannu: guntun roba mai tauri, zagayayye, garau da ɗan shuɗi-shuɗi, kaurinsa ya kusa rabin santimita. Na danna shi da farce, ko alama bai yi ba. Ta ce daga irin wannan ake fitar da gilashi ɗaya tak, sauran duk ya tafi a ƙaiƙayi. Sannan ta nuna mini bidiyo daga ma'aikatar da take aika wa odarta. Injin feƙe ne, danginsu ɗaya da wanda masu gyaran kayan mota ke feƙe ƙarfe da shi, sai dai bakin wuƙarsa lu'ulu'u ne kuma kwamfuta ke tafiyar da shi. Ana ɗaure robar tana juyawa da gudu, wuƙar tana shiga a hankali, wani farin zare siriri yana tashi iska na zuƙe shi. Cikin ake fara yankewa, wato fuskar da za ta kalli ido, da zurfin rumfar da gangaren gefen duk yadda likita ta rubuta. Sai a manna wannan fuskar da kaki a kan wani ƙarfe, a juya, a yanka bayan, kuma a nan ne ake sa lambar gani tare da ƴar da'irar kusa. Ba wani gilashi ake liƙawa a kai ba, lanƙwasar ce ke sauyawa kaɗan a wurin, sauyin da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Awon injin da maikiron ake yin sa, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Bayan nan a narkar da kakin, a goge baki ya yi sumul, a wanke, wani ma'aikaci ya sa shi a na'ura ya tabbatar lambobin sun dace da takarda, a yi masa ƴar alama ta gane dama da hagu.

Har farin idon ma, in ji ta, ba a zagaye yake daidai ba. Ta wani ɓangaren ya fi gangara, shi ya sa gefen gilashina ba tsayinsa ɗaya ba, kuma wannan ne ke hana shi juyawa. Nan na gane abin sarai. Takalmin kanti lamba ce, arba'in da biyu ko arba'in da uku, amma mai karkatacciyar ƙafa sai an sa shi ya taka kwali an zana, an ɗinka, ya gwada, a kwance a sake. Gilasan nan masu laushi da ake sayarwa a kwali su ne na kanti, a injin zubi ake fitar da dubbai iri ɗaya. Har da waɗanda masu kwalliya ke sa wa amare don sauya launin ido, abin da ke ba ni tsoro yanzu in na ga ana ciro su da hannun da ya gama shafa hoda, wani lokaci ma a cire wa wannan a sa wa waccan.

Robar kanta ba kowace iri ba ce. Korniya ba ta da jijiyar jini, daga iska take shan iskar numfashinta kai tsaye, don haka duk abin da za a rufe ta da shi dole iska ta ratsa shi. Likitar ta ce tun 1888 wani likita a birnin Paris mai suna Kalt ya gwada ɗora gilashi a idon masu irin ciwona, wani kuma mai suna Fick yana nasa gwajin a Zurich a shekarar, amma nasu na kwalba ne zalla, ido ba ya jure shi sai na ɗan lokaci. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara samun roba mai tauri da iska ke wucewa ta cikinta. Da an haife ni a zamanin kakana, da fata a kan hanci zan mutu.

Ba ta fara da mai ƙarfi biyun ba. Sai da aka yanko na nesa kawai, na yi kwanaki ina sawa, ta ga wani wuri da gefen ke danne ƴan jijiyoyin farin ido har wurin ya yi fari fat, aka sake yankowa da gyara. Kowace oda sai an jira makonni. A zaman jiran ne na yi ta yawo kasuwar Khan Khalili ina duba aikin dukawansu, kuma ba don son kai ba, a wajen laushin fata jar akuyarmu ta Maraɗi ba ta da abin jin kunya. Da zaman gilashin ya daidaita sannan aka ƙara da'irar kusa, a tsakiya, ido biyun duka.

A cikin ofis komai ya yi kyau. Na karanta allo, na zura zare a basilla. Da na fito titi da tsakar rana sai lambobin motocin haya suka dushe. Na koma na faɗa mata. Ta ce to ga shi, rana ta tsuke ƙofar idon har ba abin da ke shiga sai ta da'irar kusa. Ta tambayi ɗan ƙanwata ko ranar garinmu ta kai tasu, ya ce ta zo Damagaram a watan Afrilu ta gani. Ta kuma lura gilashin na zamewa kaɗan ƙasa da wajen kunne, abin da ta ce irin wannan babban gilashi ya saba yi, ga shi ƙofar ido ita kuma ta fi karkata wajen hanci. Sai ta sake rubutu: idon dama a mayar da nesa tsakiya, kusa a kewaye, na hagu a bar kusa a tsakiya, duka biyun a gusar da da'irar ƴar tazara sama da wajen hanci. Gyaran bai kai milimita ɗaya ba, amma shi ne ya raba gilashin da na jefa a akwati da wanda ke idona yanzu.

Makonnin farko na sha wuya. Rubutu yana fitowa da wani siririn hazo a gefensa, fitilun dare suna da zobe. Ta ce in daure, kada in yi ta rufe ido ɗaya ina gwada ɗaya, in bar su su yi aiki tare. A hankali hazon ya daina damuna. Ba zan ce ya tafi ba, in na neme shi ina ganinsa.

Dawowa gida shi ne jarrabawar gaske, kuma a nan ne nake so mai sha'awar abin ya buɗe kunne. Ruwan famfo, ruwan rijiya, ruwan ƴan ga-ruwa, ko ɗigo ba ya taɓa gilashin nan. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa, akantamiba, wadda in ta sami shiga tsakanin gilashi da korniya tana iya cinye ido, kuma maganinta na da wuya ƙwarai. Da asuba nakan wanke hannu da sabulu, in tsane shi ƙaƙas da takarda, in shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, in ɗora gilashin a kan ɗan robar riƙonsa, in cika shi har ya yi tozo da ruwan gishiri. Alhamdu lillahi wannan ruwan ana samun sa a farmasi a nan, shi ne siram ɗin nan na ƙananan robobi masu mililita 5 da ake wanke wa jarirai hanci da ido, in an fasa ɗaya a yi amfani da shi a yar. In kumfa ta shiga, sai a cire a sake. Da dare in ciro shi da ƴar robar zuƙo, in murza da ruwan wankinsa, in sa shi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta wanda sai ya yi awa shida kafin ya huce, in an sa a ido kafin nan zafinsa ba a magana. Wannan ruwan shi ne mai wuyar samu, sai an yi mini saƙo daga waje, kuma ba ya son zafi, don haka a ɗakin da randa take nake ajiye shi.

Maganar alwala na kai ta gaban malaminmu, ya ce cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa, in rufe ido in wanke fuska. Wanka kuwa sai na cire. Sana'ata ma ta kawo nata: kuloko da karan dafi sukan kama yatsa, man da muke shafa wa fata kuma in ya taɓa gilashin sai ya yi dishi-dishi yini guda. Yanzu akwai sabulu da buta ta musamman a rumfa, yarana sun san ba a taɓa su. Wasu ranaku wajen azahar ruwan da ke ciki yakan yi gurɓi, in cire in sake cikawa. Hunturu kuwa, wanda na fi tsoro, shi ya fi zuwa da sauƙi, domin gefen gilashin a rufe yake, ƙura ba ta shiga. Ina ƙarawa da baƙin tabarau in zan hau babur. Likitar ta kafa mini doka ɗaya: in ido ya yi ja da zafi, ko ya ƙi haske, in cire nan take in tafi asibiti a ranar, kada in jira gobe. Akwai ma'aikacin ido a nan garin da ke duba ni da fitilarsa lokaci-lokaci, in akwai abin tambaya mu aika mata hoto ta WhatsApp.

Uwargida da ta ga ina wannan hidima ranar farko ta ce, "Malam, wannan ai jariri ka kawo mana." Ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya san ba zai iya tsabtar nan kullum ba, gara ya zauna da tabaransa. Kuma kada wani ya ɗauka warkewa ce. In na cire da dare idona na nan yadda yake. Adon da ya fi kowane siriri, har yau sai na ɗora ɗan tabaran karatu mara ƙarfi a kai kafin in yi shi yadda nake so. Wanda idonsa lafiya lau yake, tsufa kawai ya hana shi karatu, tabaran jika ɗaya ko biyu ya ishe shi, in ma gilashin mannawa yake so akwai masu laushi na kwali da za su iya yi masa. Yankan musamman na irinmu ne, waɗanda na kwali ya ƙi.

Kafin in baro Alƙahira likitar ta tambaye ni ko ina da ƴaƴa masu murza ido, don ciwon yana bin jini a wasu gidaje. Ina da shi, na ukuna, idonsa ya rine kamar nawa a da. Ta ce akwai aikin da aka fito da shi a birnin Dresden na Jamus, aka bayyana sakamakonsa a 2003: ana ɗiga sinadarin bitamin B2 a korniya a haska mata wani irin haske, sai ta yi ƙarfi ta daina turowa. Ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace, tsayar da ciwon yake yi, shi ya sa amfaninsa na ga yaro da saurayi. Na kai yaron aka duba shi, an ba shi maganin ɗigawa na ƙaiƙayi, an ce a riƙa sa masa tsumma mai sanyi in ya motsa, kuma a hana shi murza ko ta halin ƙaƙa. Maganin da ke da sinadarin kortizon an ja mana kunne kada mu saya da kanmu a kasuwa, yana kawo hawan jinin ido. Uwarsa ce ke gadin hannunsa, ta fi ni iyawa.

Gilashin nawa an ce yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu, in an kula da shi ya ɗan zarce. Lambobina suna ajiye a ma'aikatar, in ya fashe ana iya yanko irinsa a aiko ba sai na je ba, an ma taɓa yin haka ta hannun wani ɗalibi da ya zo hutu. Sai dai madubin cikin ido bai gama tauri ba, yana ci gaba har wajen shekara 60, kuma na fara jin santimita 33 ɗin nan tana neman ƙari. Wannan ba a gyara shi ta waya, sai an zauna an sake awo. Na shiga adashi da ƴan'uwana dukawa, kwasata na zuwa bayan babbar salla, kuma wannan karon da yaron za mu tafi a ɗauki taswirar idonsa.